Wa Zai Yi Wa Amaryar Kazaure Waƙa?

Ƙannena mata, da ku samarin da Allah Ya ba ku ƙanwa ko yaya mai murya, maganar nan taku ce.

Idan kaka ta yi, gero da dawa suka shiga rumbu, aka sayar da riɗi da gyaɗa, sai bukukuwa su ɓarke daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura. Ku lura da wunin biki guda ɗaya. Mata ne maƙil a tsakar gida. Su suka yi anko, su suka canzo sababbin kuɗin liƙi, su za su taka rawa har la'asar sakaliya. Amma wanda ke zaune bayan lasifika namiji ne, kuma yawancin waƙoƙin da yake saki maza ne suka yi su a Kano. Ali Jita ya yi suna da waƙoƙin amare, Ado Gwanja kuwa har laƙabin Limamin Mata aka ba shi. Ban ga laifinsu ba, kasuwa suka tarar a buɗe suka shiga, kuma sun iya. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne yadda aka yi kasuwar da mata suka kafa, su ne masu ci, su ne masu biya, ta wayi gari babu mace a bakin rumfa.

Ku tambayi kakanninku, da ba haka abin yake ba. Ranar suna ko ranar wuni, mata ne ke kifa ƙwarya a kan ruwa cikin masaki, wasu ƙoren a kife a ƙasa, su sa 'yan sanduna su buga, zabiya ta ba da waƙa sauran su amsa. 'Yan mata na da shantu, suna buga gindinsa a cinya suna toshe bakinsa da tafin hannu. Da farin wata akwai gaɗa a dandali. Wajen daka akwai lugude, wajen niƙa akwai waƙar da mace ke amayar da abin da ke cinta a rai, ta yi wa kishiya habaici ba tare da ta kama suna ba. Goma ga azumi 'yan mata su fita tashe, su yi Samodara, su yi Mairama da Daudu, wato wasan kwaikwayo ke nan da sutura da rabon matsayi da komai. Nan ce makarantar. Yarinya ba ta kai aure ba sai ta san hawa da saukar murya, ta san inda ake shiga amshi, ta san yadda ake ɗinka baiti a tsaye. Injin niƙa ya ɗauke waƙar niƙa, wayar hannu ta watsa dandali, kuma ba na cikin masu kuka a kan injin niƙa, domin duk wadda ta taɓa durƙusawa gaban dutse da asuba ta san rahama ce. Sai dai makarantar ta rufe ba a buɗe wata a madadinta ba.

Daga irin wannan makaranta Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa ta fito. Ba ta da fiyano, ba ta da kalangu, ƙwarya ce kawai da mata 'yan amshi. Ta yi aure, ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma ba ta ajiye amada, wato kiɗan ƙwarya, ba har Allah Ya karɓi ranta a 2013. Ta yi wa mata waƙar neman na kai, ta yi waƙar kishi da haihuwa da zaman gidan miji, da bakin da mata ke magana da shi idan babu namiji a kusa. Wasu sun ce bakin nata ya yi kaifi, kuma a wasu wuraren ya yi ɗin. Amma ku dubi ginin sana'arta. Masu gayyatarta mata, masu liƙa mata kuɗi mata, ƙungiyarta mata, ita ce uwar tafiya, ita ke raba abin da aka samu. Ba ta jira wani ya kira ta ta ɗora murya a waƙarsa ba. Kafin ita akwai Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano, a kan wannan turba. Ni a ganina duk yarinyar da ke son waƙa a yankinmu, wannan gini ya kamata ta fara nazari kafin ta fara mafarkin sitidiyon Titin Gidan Zoo a Kano.

Na san abin da ke zuciyar da yawa daga cikinku tun farkon maganar nan: Baba ba zai yarda ba, kuma me malamai suka ce? Tambaya ce ta gaskiya, kada wani ɗan birni ya raina muku ita. Fatawa ta malamai ce, kuma sun yi saɓani tun da daɗewa a kan kayan kiɗa da kuma inda ya halatta a ji muryar mace. Amma akwai wurin da saɓanin ya yi sauƙi ƙwarai, wato mace ta yi wa mata 'yan uwanta waƙa mai tsabta a ranar farin ciki. A cikin Bukhari akwai labarin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata musu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙyale su. Akwai kuma inda aka kai amarya gidan wani mutumin Madina, Annabi ya tambayi Nana A'isha ko an tafi da abin nishaɗi, saboda mutanen Madina na son sa. A ƙasarmu kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zuwa da ɗalibanta 'yan taru suna haddace waƙoƙinta suna komawa ƙauyuka suna rerawa. Kazaure da Ɗantunku ya kafa ƙarƙashin tutar Shehu tana cikin daular da aka yi wannan aiki. Saboda haka idan za ki je wurin mahaifinki, kada ki je da rigima, ki je da tsari. Ki gaya masa inda za ki yi, gaban wa, da wa za ki tafi, ƙarfe nawa za ki dawo. Ki kuma tambaye shi, cikin ladabi, wanne ya fi: ƙato ya shigo tsakiyar matan aure da lasifika suna rawa yana kallo, ko 'yarsa da ƙawayenta su riƙe wurin, ƙofa a rufe? Iyaye da yawa da za su ce a'a ga "ina so in zama mawaƙiya" za su yi shiru su yi tunani a kan wannan.

In kuwa ya ce a'a ɗin dai, ki haƙura ki ci gaba da rubutu. Alƙalami ba ya buƙatar fita. Hauwa Gwaram, 'yar jiharmu ce daga Gwaram, ita da Hajiya 'Yar Shehu sun rubuta waƙoƙi a kan al'amuran zamaninsu, an ji su a rediyo a Kano, kuma a 1983 kamfanin NNPC na Zariya ya buga su cikin littafin Alƙalami a Hannun Mata, wanda Beverly Mack ta tattara. Yau muna iya karanta Hauwa Gwaram. Matan da suka yi zamani da ita suna kiɗan ƙwarya a ƙauyukan Roni da Gwiwa, waɗanda wataƙila wasunsu sun fi ta zaƙin murya, sun tafi da abinsu.

To, a ce an yarda. Sai maganar iyawa, kuma a nan ba zan lallashe ku ba. Murya mai daɗi kyauta ce, ba sana'a ba ce. Sitidiyon zamani na iya gyara muryar kowa da kwamfuta har ta yi santsi, shi ya sa waƙoƙin nanaye da yawa muryoyin matan cikinsu ba a bambanta su, duk sun zama siririyar murya guda. Wadda za ta daɗe ita ce wadda za ta tsaya gaban mata ɗari babu na'ura, ta kama wurin. Ki koyi numfashi. Ki koyi amsa-amo da ma'aunin baiti, kuma masu karatun Islamiyya kun riga kun samu rabin wannan daga ƙasidun da kuke rerawa da tajwidin da ya koya muku fitar da harafi daga mafitarsa. Ummu Kulsum ta Masar, wadda har ta rasu a 1975 babu muryar da ta kai tata a ƙasashen Larabawa, 'yar limamin ƙauye ce, kuma daga karatun Alƙur'ani da waƙoƙin yabo a gaban mahaifinta ta samo fitar harafin da aka san ta da shi. Shi ya riƙa yawo da ita wuraren maulidi da bukukuwa, danginta suka raka ta har Alƙahira. Daga baya ita da kanta take zama ta yi cinikin kwantiraginta.

Ki kuma koyi rubuta waƙarki. Wannan shi ne bambancin mawaƙiya da 'yar amshi. Ki san asalin amarya, sunan kakarta, sana'ar gidansu, garin da za a kai ta, ki saƙa su cikin baiti yadda uwar amarya za ta ji hawaye ya zo mata. Mawaƙin Kano da aka tura wa sunaye ta waya ba zai iya wannan ba, sunan kawai zai jera a kan kiɗan da ya riga ya yi wa amare hamsin. Ke kin san gidan, nan kika fi shi.

Yanzu ga inda ake cutar mata, kuma ina so ku karanta wannan sashe sau biyu. A masana'antar finafinan Hausa an saba mace ta shiga sitidiyo ta ɗora murya, a ba ta kuɗin aikin ranar, ta tafi. Jaruma ta hau waƙar a fim, mutane su riƙa kiran waƙar da sunan jarumar. A sa ta a YouTube a tashar mawaƙin ko ta furodusa, ta shekara biyar tana kawo kuɗi, mai muryar ba ta da ko sisi a ciki, wani lokaci ko sunanta babu. Ta dafa tuwo an bar ta da ƙanzo. Waɗanda suka tsallake wannan rami, irin su Fati Nijar da ta taso daga Maraɗi ta zo Kano, da Maryam A. Baba, da Maryam Fantimoti, sun tsallake ne saboda sunansu ya fito fili har mai biki ya san wadda zai nema. A ɓangaren wasan kwaikwayo ma haka ne. A 2022 hirar da BBC Hausa ta yi da Ladin Cima, dattijuwar da ta shafe shekaru masu yawa tana fitowa a matsayin uwa, ta tayar da ƙura saboda abin da ta faɗa na ƙanƙantar kuɗin da ake ba ta. Wasu furodusoshi sun musanta, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Ko wa ke da gaskiya, abin da na ɗauka a ciki shi ne ciniki na baka ba ya barin shaida, kuma ranar musu mai ƙaramin ƙarfi ke shan ƙasa.

Doka tana gefenki fiye da yadda kike zato. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mai waƙa haƙƙi tun daga lokacin da aka rubuta ta ko aka naɗe ta, ba sai an yi rajista ba. Haƙƙin baiti da karin waƙa yana nan tsawon ranki da shekara 70 bayan rasuwarki, wato gado ne da 'ya'yanki za su ci. Na sautin da aka naɗa shekara 50 ne, kuma wanda ya ɗauki nauyin naɗin shi yakan zama mai iko da shi. Sannan sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Me wannan ke nufi a aikace? In kina da hali, ki biya kuɗin sitidiyo da kanki, ko ku yi adashi ku biya, ki karɓi rasit, ki karɓi asalin sautin a katinki kafin ki bar wurin. In waƙar wani ce aka kira ki, kafin ki sa bakinki a makirufo ku rubuta a takarda, da Hausa ma ya isa: nawa za a biya, za a sa sunanki ko ba za a sa ba, kina da kaso in an ɗora a intanet ko sallama ce gaba ɗaya. Ku sa hannu, shaida ya sa hannu, ki ɗauki hoton takardar. Za a ce miki, "Haba Hajiya, ba ki yarda da mu ba ne?" Ki yi murmushi ki ce yarda ce ta kawo ki, takardar ta magada ce. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na karɓar ƙorafi, kuma akwai MCSN mai tattara wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu.

Tashar YouTube kuma ki buɗe da sunanki, da lambar wayarki, da imel ɗin da ke kaɗai kika san mabuɗinsa. Kada saurayi ya buɗe miki, ko da an sa rana. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, kuma wannan ba aikin mako ba ne, saboda haka kada ki ɗora tukunyarki a kansa. Masu tura waƙa a kati a bakin kasuwa ba za su biya ki ba, amma su ne za su kai muryarki Ɗambatta da Daura har Magarya da Damagaram, don haka ki tabbata kin ambaci sunanki a cikin waƙar kanta, yadda duk inda ta je da ke ta je. Kuɗin gaske a matakin farko yana wurin biki da suna da walimar saukar karatu.

Abu ɗaya game da mutunci, ba zan tsawaita ba domin kun fi ni sanin zamaninku. A 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga masana'antar saboda fitowa a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, daga baya aka janye. Ko kin ga hukuncin ya dace ko bai dace ba, ki lura a kan wa ya sauka. Haka abin yake, kuskure ɗaya namiji ya wuce, mace ta ɗauke shi har ɗakin mijinta. Ba adalci ba ne, amma shi ne filin da za ki taka. Kada ki je sitidiyo ke kaɗai, kada ki yarda da aikin dare, kuma duk wanda ya ce sai kin zo ba rakiya zai taimake ki, ba taimakon ne a ransa ba. In aiki ya kai ki Kano, ki san cewa Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan mawaƙa ma, ki nemi sanin ƙa'idojinta tun kafin ki fara. Waƙar siyasa kuwa tana da maiƙo, amma zambon da kika yi wa ɗan takara zai bi ki bayan 'yan siyasar sun shirya suna cin abinci a faranti ɗaya.

Sai aure, wanda shi ne kabarin yawancin muryoyin matan Arewa. Yarinya ta fara tashe, a ɗaura mata aure, shi ke nan. In auren ya mutu ta dawo, sai mutane su ce ai dama mawaƙa ba sa zaman aure, alhali sharaɗin da aka gindaya mata ne ya sa dole ta zaɓi ɗaya. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake nace wa kasuwar mata zalla, domin ita ce sana'ar da za ki iya riƙewa da igiya uku a kanki, kamar yadda mai kitso da mai lalle da mai gyaran amarya ke riƙe tasu. Ki yi maganar tun ana neman aurenki, a gaban waliyyinki, kada ki bari sai an kai ki.

Ku kuma samari, ga naku. Goyon baya ba shi ne danna alamar so a Facebook ba. Ka ɗauki ƙanwarka a babur ka kai ta gidan bikin, ka dawo ka ɗauke ta. Ka karanta takardar kafin ta sa hannu. In abokinka ya kira ta da sunan banza a majalisa saboda tana waƙa, ka tanka masa, domin shi ɗin da waƙar mace yake kwana a kunne. In kai mawaƙi ne, ka rubuta sunan wadda ta yi maka amshi a jikin waƙar, ka biya ta kafin ta tambaya. Masu shirya bikin ƙannensu kuma, cikin abin da za a ba mai lasifika a ware rabi a gayyato 'yan matan unguwa masu waƙa, a biya su kuɗin aiki na sosai, ba "ga wannan ku sha ruwa" ba.

Kuma ba kowace ce za ta riƙe makirufo ba. Sana'ar nan tana buƙatar mai haɗa sauti, mai buga fiyano, mai ɗaukar hoto, mai tace bidiyo, mai riƙe lissafi. A Kazaure muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, muna da cibiyar koyon kwamfuta ta jiha da kowa ke kira Informatics, ga makarantar 'yan mata ta Gwamnatin Tarayya, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Yarinyar da ta iya kwamfuta a ɗaya daga cikin waɗannan, wata shida na naci ya ishe ta ta fara naɗar murya mai tsabta. Kwamfutar tafi-da-gidanka, makirufo mai kyau, ƙaramin akwatin sauti, faranti ɗaya na sola saboda halin wutarmu, da ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da katifu, sitidiyo ya tashi. Ranar da aka ce ga sitidiyon da mace ke riƙe da shi a cikin gida a Kazaure, matan aure da yawa da mazansu ba za su taɓa barinsu zuwa Kano ba za su sami inda za su je, masu bege da masu waƙar biki duka. Mai son karatun abin har digiri, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Duk shekara ana rabon keken ɗinki da injin taliya da sunan tallafa wa mata, har teloli sun fi masu ɗinki yawa a wasu unguwanni. Ku haɗa kanku ku biyar ko ku goma, ku yi rajistar ƙungiya a ƙaramar hukuma, ku rubuta takarda ku nemi lasifika da janareta a maimakon keke. Ko ba a ba ku a karon farko ba, an dai ji buƙatar da ba a saba ji ba.

Akwai aikin da za ku iya farawa a makon nan ba tare da izinin kowa ba sai na mai muryar. A kusan kowace unguwa akwai tsohuwar da ta yi kiɗan ƙwarya ko ta iya waƙoƙin gaɗa da na niƙa da na kai amarya. Ku je ku gaishe ta da goro, ku roƙe ta ta rera, ku naɗa a waya. A farkon naɗin ku faɗi sunanta da garinsu da ranar, ku tambaye ta wurin wa ta koya, a wane irin taro ake yin kowace waƙa, da yadda ake kiɗa ta. Ku kwafe baitocin a littafi, ku ajiye sautin a wuri biyu saboda waya na faɗawa ruwa. In wata rana kun ɗauki karinta kun gina sabuwar waƙa a kai, ku ambace ta, ku kai mata rabonta tun tana da rai.